Laka ko fulawa? Abin da muka sa a hannun yara ranar zubi

Ƴan uwana mata masu asusu, na Tanut da na Belbeji da duk inda wannan takarda ta kai. Daga Tenhiya nake rubuto muku. Yau ba maganar riba ko bashi na kawo ba, maganar laka ce da kwaɓin fulawa. Kada wata ta yi dariya tukuna, don abin da ya kai mu ga wannan magana saura kaɗan ya watsa ƙungiyarmu.

Kowace ta san yadda ranar zubi take. Mu 28 ne, muna zama duk Laraba bayan la'asar a gidan ma'ajiya. Mace kuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Ga na goye, ga wanda aka yaye, ga ƴan shekara uku da huɗu da ba su isa lakwal ba, ba su kuma isa kiwo ba. Wata rana na ƙirga su, wallahi sun fi mu yawa. Ana kiran suna wannan na kuka, wancan na jan zanen uwarsa, wani ya sa hannu cikin kwanon da ake zuba kuɗi. Shi kuwa tsarin Mata Masu Dubara, tun da CARE ta fara shi a jihar Maraɗi a 1991, a kan ido da kunne aka gina shi: a faɗi kuɗi da ƙarfi, kowa ta ji, kowa ta riƙe a ka har mako mai zuwa. To ina ji a cikin wannan hayaniya?

Bara da kaka masu ƙirga suka ƙirga sau biyu, jaka ɗaya babu. Ba wadda ta buɗe baki ta ce an ɗauka, amma kun san yadda ido ke magana. Ma'ajiyarmu, dattijuwa ce da ta riƙe akwatin nan shekara shida ba a taɓa jin kanta ba, ta tura shi tsakiyar tabarma ta ce mu nemi wata. Sai da aka tashi, aka naɗe tabarmar, aka ga takardar a dunƙule a ƙarƙashi, jiƙe da miyan yaro. Mun ba ta haƙuri, ta haƙura, amma ta yi sati biyu ba ta gaisa da wasu da daɗi ba.

Sai muka yanke shawara cewa lokacin ƙirga a kori yara waje. Ashe wannan ta fi ta farko muni. Laraba ta uku wani ɗan shekara huɗu ya bi manyansa har bakin tabki. Ruwa ya ja baya a lokacin, sai laka mai santsi. Wani makiyayi da ya kawo shanu ne ya ciro shi, ya nutse har ƙugu, ya kasa ko kuka. Da aka tambayi manyan me suka je yi, suka ce laka suka je ɗiba su gina raƙuma.

A daren nan ban yi barci sosai ba. Na yi ta tunani, mu ma fa haka muka tashi. Wace ce a cikinmu ba ta gina tukunyar laka da murhu mai duwatsu uku ba, ta yi tuwon ƙasa ta raba wa ƴar tsanarta ta kara? Yaran ba ɓarna suka je yi ba. Abin da hannunsu ke nema suka bi, mu ne ba mu kawo musu shi kusa ba.

Cikin wannan hali na je Tanut wani horo na shugabannin ƙungiyoyi, na ba wata madam mai koyar da ƙananan yara labarin. Ita ce ta nuna mini kwaɓin wasa, wanda ake yi da fulawa da gishiri. Ta ce a ƙasashen Turawa a gwangwani ake sayar da irinsa, mafi suna shi ne Play-Doh. Labarinsa ma ya ba ni dariya. Wani kamfanin sabulu ne a birnin Sinsinati na Amurka yake yin sa don goge baƙin hayaƙin kwal daga bangon ɗaki. Da mutane suka daina ɗumama gidaje da kwal, kasuwarsa ta mutu. Sai wata malamar ƙananan yara mai suna Kay Zufall, wadda aure ya haɗa ta da masu kamfanin, ta ba ɗalibanta shi suka yi wasa, ta ce a sayar da shi a matsayin abin wasan yara. A 1956 aka fito da shi haka, har yau ana saye. Na ce wa madam, ashe can ma da kamfani ya durƙushe dubarar mace ce ta tashe shi.

Ga yadda ta koya mini, na kuma gwada da hannuna sau da yawa. Ki auna da kofi ɗaya, kowane iri kike da shi, muddin ba ki canja shi ba. Fulawa kofi 2, gishiri mai laushi kofi 1, ruwa kofi 2, man gyaɗa babban cokali 2, sai ruwan lemun tsami cokali 2 ko 3. In babu lemu ki jiƙa tsamiya ki tace. Ki dama su duka a tukunya tun ba ki ɗora ba, har gudaji su mutu. Sannan ki ɗora a kan garwashi, ba wuta mai harshe ba, kina tuƙawa da muciya. Zai fara kamar kunu, ya koma kamar talge, can sai ki ga ya haɗe ya saki jikin tukunya. Nan take ki sauke, in kin ƙara minti ɗaya ya ƙone ta ƙasa. Ki juye a tire, in ya huce yadda hannu zai iya ki yi ta murza shi har ya yi santsi. In yana kama hannu ki barbaɗa fulawa kaɗan, in yana tsagewa ki shafa mai a tafinki ki ci gaba.

Kowane abu a ciki da aikinsa. Alkama tana da wani danƙo da gero ba shi da shi, shi ya sa fanke ke tashi, kwaɓin ma ke miƙewa ba ya karyewa. Na gwada da garin gero don in huta da sayen fulawa, abin da ya fito tuwo ne kawai, yana bushewa ya farfashe. Garin rogo kuma ya yi yauƙi ya manne wa yara a yatsu. Gishiri shi ke hana shi yin tsami da funfuna, mai ya sa shi laushi, tsami ya ƙara masa danƙo da kwana. Gishirin ki daka shi ya yi laushi ƙwarai. Na kantu da ayari ke kawowa daga Bilma a bar wa dabbobi, yana da ƙasa, kwaɓin zai yi garas-garas.

Launi ba sai kin sayi komai ba. Ruwan soɓorodo na ba da ja, kurkum na ba da rawaya, garin zogale ko na kuka kore mai duhu, gawayi da aka daka baƙi, karan dafi kuma ja mai kauri irin na dukawa. A cikin ruwan za ki sa launin tun kafin ki dama. Akwai abin da yaran suka fi so: in ka ɗiga ruwan kanwa a kan na soɓorodo sai ya juya ya yi duhu kamar shuɗi, na kurkum kuma ya koma ja. Sun ɗauka tsafi nake yi. Bula ta wanki da fenti da tawadar bik kuwa kada su kusanci abin da yaro zai iya kai wa baki. Ajiya a leda, a ɗaure, a sa cikin roba mai murfi kusa da randa. Da hunturu in kin bar shi a buɗe rabin yini ya zama dutse. Namu yana kai sati uku zuwa huɗu, in ya fara wari ko ya yi ɗigo-ɗigon baƙi mu rabu da shi.

Ranar da na kawo shi wurin zubi, kai, sai ka ce an yi wa yaran asiri. Aka ƙirga kuɗi, aka ba da bashi, aka rufe akwati, ba wanda ya yi ko tari. Ni har na fara jin kaina.

Sai Inna, wadda ta girme mu duka, ta ɗauki curi ɗaya ta shinshina, ta ce: "Shugaba, wannan ba abinci ba ne?" Na ce fulawa ce kaɗan, Inna. Ta ce: "Kofi biyu fanke nawa ne? Ni da na ga shekarar da muka tona gidan tururuwa, ba za a taka abinci a gabana ina kallo ba." Wuri ya yi tsit. Na so in ba ta amsa, ban samu ba. Mu nan Damargu an san mu da gero tun zamanin ayari, amma wadda ta ga 2005 da 2010 ta san rumbu na iya zama fanko. Alkama ba ma noma ta, daga nesa ake kawo ta, da kuɗi muke saye, kuɗin kuwa su ne muke tarawa dala-dala a akwatin nan. Kuma yaron da kullum ake ce masa kada ka zubar da tuwo, yau an ba shi fulawa ya yi birgima da ita a ƙasa, me za ki ce masa gobe? Na ga gaskiyar Inna, ko da yake a ranar ban faɗa ba.

Abu na biyu ni ya faru da ni, kuma shi nake so ku fi riƙewa. Ragowar kwaɓin da ya bushe na watsa shi bayan ɗaki, ban kawo komai a raina ba. Washegari kajina biyu sun mutu, ta uku tana ta shan ruwa tana layi. Gishirin ne. Kaza ba ta ɗaukar gishiri mai yawa, kare ma haka. Na tsaya a kansu jikina ya yi sanyi, don na tuna jiya-jiya wata ƴar shekara biyu tana lasar nata. Ku duba awon da kyau: kofin gishiri guda a cikin kofi biyu na fulawa. Babu miyar da ta taɓa ganin haka. Yawancin yara in sun ɗanɗana sukan tofar, amma akwai wanda zai haɗiye, kuma ɗan ƙaramin jiki ba ya buƙatar da yawa kafin gishiri ya zame masa guba. Alamunsa amai, ƙishirwa mai tsanani, kasala da yawan barci, in ya yi tsanani har sanƙarewa da fizge-fizge. In yaro ya haɗiyi abin da ya wuce lasa, ki ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, ki kama hanyar likita, ki faɗa musu ainihin abin da ya ci. Kada ki tsaya jiran ganin alama, kun san nisan da ke tsakanin wasunmu da gidan likita. Tun daga ranar muka ce wanda bai cika shekara uku ba ba a ba shi, ragowa kuma a rami ake binnewa.

Haka muka koma kan laka, abin da yaran suka je nema tun farko. Sai dai yanzu mu ke ɗebowa, ba su ba. Ruwan tabki da ke kwance ba nutsewa kaɗai ne haɗarinsa ba. Kurkunu dai Allah ya raba mu da shi, tun 2013 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar babu shi a Nijar. Amma tsargiya tana nan, daga ƴan ƙananan dodon koɗi na cikin ruwan ƙwayarta ke fitowa ta shiga ta fata, yaro ya zo yana fitsarin jini.

Wata ƴar ƙungiyarmu da ta yi zaman aure wajen Mirya, garin da kowa ya sani da ginin tukwane, ita ta koya mana gyaran yumɓu. Da farko gwaji: ki jiƙa ɗan kaɗan ki murza shi kamar igiya, ki naɗa a yatsa. In ya naɗu bai karye ba yumɓu ne, in ya tsattsage yashi ya yi masa yawa. A tona daga ƙasa, kamar kamu ɗaya ko biyu, ba na sama da dabbobi suka tattake ba, kuma nesa da inda mutane ke zagayawa. Ƙasar tsohon suri da gara ta bari ita ma tana yi. A shanya a rana ya bushe ƙayau, a daka, a tankaɗe. Sannan a zuba a bokiti da ruwa mai yawa, na rijiya ko na famfo, a dama ya zama kamar kunu tsararo. Ki ɗan dakata kamar ki ƙirga sittin, yashi da tsakuwa za su kwanta. Ki tsiyaye na saman ta cikin tsohon gidan sauro zuwa wata roba, ki bar shi ya kwana. Da safe ruwa ya tashi sama garau, ki zubar a gindin itace, abin da ya rage ki shimfiɗa a kan buhu a inuwa har ya kai yadda za a cura. Wallahi laushinsa ya fi na fulawar.

Aiki ne, ban ce ba aiki ba ne, ya ci mana yini biyu mu huɗu. Amma sau ɗaya ne. Laka in ba a gasa ta ba ba ta mutuwa: raƙumin da ya bushe ya karye a jefa shi a roba, a yayyafa ruwa, Laraba mai zuwa ya zama saniya. Bokiti ɗaya da muka gyara tun ɗari shi muke juyawa har yau, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda yaro ke so ya ajiye, a haɗa masa da ɗan ƙaiƙayi ko yashi mai laushi, a busar a inuwa, don rana na sa shi tsagewa.

Ita ma laka da nata sharaɗin. Rana ba ta kashe ƙwan tsutsar ciki duka, saboda haka wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci dole ne, buta da sabulu suna nan gefen tabarmarsu. Ƙaho da ƙafafu da kara ake yi, ba da ƙaya ba. Ƙwallon aduwa da ƴan duwatsu da suke sa wa ido, a kula da masu rarrafe kada su haɗiye. Kuma in kin ga yaro ba wasa yake da ƙasar ba, ci yake yi da gaske kullum, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, a kai shi a duba. Mun gano biyu ta haka.

Akwai maigidan da ya aiko cewa ba ya son ɗansa na gina mutum-mutumi. Ban yi gardama da shi ba, na tura tambaya wurin liman ta bakin maigidana. Liman ya ce ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da ƴan tsana da take wasa da su a gidan Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma malamai da yawa sun yi sauƙi a kan abin wasan yara. Duk da haka muka ce kowane gida da ra'ayinsa. Yaron nan yanzu motoci yake ginawa da salula, har da eriya.

In kuka ga abin da suke ƙerawa sai kun riƙe baki. Ɗan Fulani ba ya yarda ya yi saniya sai da dogayen ƙahoni irin na shanun Bororo. Ƴaƴan Abzinawa raƙumi da sirdinsa. Ƴan mata tukwane, turmi, akwatin asusu ma an yi mana, da makulli uku.

Ni kuwa inda abin ya fi taɓa ni daban ne. Na shiga karatun manya ina da shekara talatin da wani abu. Hannun da ya saba da taɓarya da guga, aka ba shi alli, sai ya ƙi lanƙwasa. Na yi wata guda ina faɗa da harafin "a". Madam ta ce murzawa da tsunkula da naɗawa su ne ke ƙarfafa ƴan yatsun da za su riƙe alli da bik, shi ya sa a makarantun ƙananan yara ake ba su irin wannan kafin a ba su kaye. Mu nan ba kowane ƙauye ke da irin wannan aji ba, yaro daga bayan awaki sai gaban allo. Don haka in sun gaji da raƙuma nakan ce kowa ya murza igiya, mu naɗa "o", mu sa masa sanda ya zama "b", mu lanƙwasa kan sandar ya zama "ɓ". Ƙugiyar nan ta ɓ da ɗ da ƙ da ta wahalar da ni a takarda, a laka yaro na ganin ta da yatsa. Tun Maris 2025 da aka ayyana Hausa harshen ƙasa, na ce to bari su san haruffanta tun da wuri. Wata Ba'abziniya a cikinmu ta ce nata ma sun fi sauƙi, ta naɗa zobe ta ce wannan "r" ne a Tifinag, ta sa ɗigo a tsakiya ya zama "s", ta gicciye sanda biyu ya zama "t". Mu manya ma muka matso. Inna da ta ce ita karatu ya wuce ta, ranar nan ta gina harafin farko na sunanta, ta sa a bakin zane ta tafi da shi gida.

Ƙirga ma haka. Su cura ƴan ƙwallaye, biyar-biyar, kowane tsibi dala ɗaya, suna kwaikwayon masu ƙirgarmu har da yadda ɗaya ke lasar yatsa.

Ga yadda muka tsara yanzu. Tabarmar yara tana ƙarƙashin bedi, inda kowace uwa ke hango nata amma hannunsa ba ya kai wa kwano. Duk Laraba mace ɗaya ke zama da su, bi da bi. Ita ake fara kira ta yi zubinta, in an gama a faɗa mata jimilla a gaban kowa, don kada a ce an yi ba ta nan. Sabulu daga kuɗin tara na masu makara ake saye, kuma tunda masu makara ba sa ƙarewa, sabulu bai taɓa yankewa ba. Da farko wata ta ce a sa ƴan mata masu tasowa su riƙa kula da su, muka ƙi, don ba za mu hana wata zuwa lakwal ko makarantar allo saboda zubinmu ba.

Kwaɓin fulawa ba mu yar da shi gaba ɗaya ba. Sau biyu a shekara muke yi, da ƙaramar Salla da ranar rabon asusu, mai launi uku, kuma da fulawar gindin buhu da mai tuyar fankenmu ke kakkaɓewa, wadda ƙwari suka riga suka shiga. Inna ta ce ko ita ai ta akuya ce. Muka ce akuya ta yi haƙuri sau biyu a shekara.

Abin da ya rage mana shi ne bazara, lokacin da ruwan sha ma sai an yi layi a rijiya, balle na jiƙa laka. Bana da ruwan ɗaurayar kwanoni na ƙarshe muka riƙa yayyafawa, ya yi, sai dai tsumman na saurin wari. Ƙungiyoyin wajen Belbeji da na kudancin Tanut, in akwai wadda ta san wata dubara ta ajiye yumɓu da ɗanshi cikin zafi, ko wani launi da ke kama laka ba ya dushewa, ta ba mai kawo wannan takarda saƙo ya iso mana Tenhiya kafin tabki ya ƙafe mu sake ɗiba.